Wata Uku a Houston Tare da 'Yan Ƙwallon Kwandon Jami'a

Na sauka a birnin Houston na jihar Teksas a ƙarshen watan Janairun 2025, bayan na taso daga Sakkwato zuwa Abuja, daga can zuwa Santambul, sannan na ƙara shafe fiye da awa 12 a sararin sama. Kwanaki kaɗan kafin isowata dusar ƙanƙara ta zuba a birnin, abin da mutanen wannan yanki ba su saba gani ba, har aka rufe filayen jirgin sama, don haka na tarar kowa yana ta ba da labarinta. Aikin ido ne ya kai ni, domin yanar ido ta daɗe tana rage mini gani, kuma ƙanwata da mijinta da ke zaune a can suka matsa mini in zo a duba ni. Ban tafi da niyyar kallon wasa ba. Sai dai wanda ya kwashe shekaru yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantun sakandare, da wuya ya ji ƙarar ƙwallo a kan katako ya ƙi waiwayawa.

A ranar Asabar ta farko, 25 ga wata, ina kwance gajiyar hanya ba ta sake ni ba, sai na ji ihun ɗan ƙanwata daga falo, wanda ɗalibi ne a Jami'ar Houston. Ya leƙo ɗaki ya ce, "Kawu, don Allah ku taso ku ga abin mamaki." Ƙungiyar maza ta ƙwallon kwando ta jami'arsu, wadda ake kira Cougars, sunan wata dabba dangin damisa, tana wasa a gidan Kansas, filin da baƙo ba ya cika fita da nasara. An shiga ƙarin lokaci, Kansas na gaba da maki shida, kuma abin da ya rage bai kai daƙiƙa 20 ba. A gabana Emanuel Sharp ya jefa mai maki uku daga nesa ta shiga, suka fizge ƙwallon da Kansas ta jefo daga gefe, Mylik Wilson ya ƙara wata mai maki uku, aka yi kunnen doki. A ƙarin lokaci na biyu Houston ta yi nasara da 92 da 86. Abin da ya tsaya mini a rai ba jifan ba ne, domin jifa wani lokaci sa'a ce. Fizgar ƙwallon ce, domin ita sai wanda aka horar da shi kada ya sallama tun alƙali bai busa ba.

Sunan wannan jami'a ba baƙo ba ne a kunnen malamin wasanni na Sakkwato. A tarihin Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, an rubuta cewa ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsa ta Muslim Teachers College, kuma a wata gasar wasanni da aka yi a Sakkwato ne, yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwandon makarantar. A 1980 ya isa Houston, ya shiga hannun koci Guy Lewis, suka kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka sau biyu a jere. A 1983 NC State ta doke su da 54 da 52 da ƙwallon da ta shiga a daƙiƙar ƙarshe, a 1984 kuma Georgetown ta su Patrick Ewing ta doke su da 84 da 75. Na sha ba ɗalibaina wannan labari a filin makaranta mai ƙura, ina nuna musu cewa a garinmu mutumin ya fara. Ban taɓa zaton zan ga rigarsa a rataye ba.

Na gan ta ranar 1 ga Fabrairu. Yaron nan ya samo mana tikitin wasan da za su yi da Texas Tech, muka nufi harabar jami'ar da ke unguwar Third Ward, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata ta birnin. Filin wasan, Fertitta Center, ba wani ƙato ba ne, mutum kimanin 7,000 kawai yake ɗauka. An buɗe shi a 1969 da wani suna daban, aka sabunta shi a 2018 bayan attajiri Tilman Fertitta ya ba da dala miliyan 20. Ƙanƙantarsa ce ƙarfinsa, domin 'yan kallo suna kusa da katakon ƙwarai, kowa sanye da ja, ɗalibai a tsaye daga farko har ƙarshe, 'yan badujala na busa, kowa ya ɗaga hannun dama ya lanƙwashe yatsan zobe, alamar dagin dabbar da suka ɗauki sunanta. A sama na hango lamba 34 ta Olajuwon, kusa da 22 ta Clyde Drexler da 44 ta Elvin Hayes. Da idona mai yana, lambobin kawai nake iya karantawa, sunayen kuwa sai da yaron ya karanta mini.

Kafin wannan rana Houston ta yi nasara sau 33 a jere a wannan fili. Ba a yi minti biyar da farawa ba alƙalai suka kori JT Toppin, gwanin Texas Tech, saboda ƙafarsa ta sami Joseph Tugler a wurin da bai dace ba, kocinsu Grant McCasland ya harzuƙa shi ma aka kore shi. Kowa ya ɗauka an gama. Amma baƙin nan suka dage, aka je ƙarin lokaci, suka ci da 82 da 81. Muna fita cikin jama'a shiru kamar an dawo daga maƙabarta, na ce wa yaron, "Ka ga abin da ka jawo wa makarantarku? Wasa 33 ba a ci su ba, sai da ka kawo mai farar ƙafa." Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai ba ku kuka bar su suna jifa daga nesa ba." Wannan ne kaɗai wasan da suka rasa cikin 20 na rukuninsu na Big 12, kuma shi ne kaɗai wanda na kalla a filinsu, saboda haka har na baro ƙasar ban wanke kaina daga zargin ba.

Duk da rashin nasarar, a daren na fahimci irin ƙungiyar da nake kallo. Ba su da ɗan wasan da duk ƙasar ke magana a kansa, kuma wasansu ba na burgewa ba ne ga mai son ganin kwalliya. Abin da suka iya shi ne hana abokin karawa sakat. Da zarar babban ɗan wasan abokan hamayya ya karɓi ƙwallo kusa da kwando, mutum biyu za su rufe shi kamar ƙudan zuma, sauran ukun su tare hanyoyin miƙawa. Idan kuma nasu ya jefa ta ƙi shiga, sai ka ga mutum uku sun yi tsalle a kanta don su sake samun dama. Ƙwallon da ta kuɓuce tana gangarawa a ƙasa kuwa, ba sa sunkuyawa su ɗauka, faɗawa suke yi a kanta da ƙirji. A duk kakar, matsakaicin makin da ake ci a kansu bai kai 60 a wasa ba, mafi ƙanƙanta a cikin manyan jami'o'in ƙasar, a wasan da ake yin minti 40, kashi biyu na minti 20, kuma kowace ƙungiya take da daƙiƙa 30 kacal ta yi jifa.

Wannan hali daga kocinsu Kelvin Sampson ya fito, dattijo mai shekara 69 a lokacin, ɗan ƙabilar Lumbee ta 'yan asalin Amurka daga Carolina ta Arewa. Ya bar Jami'ar Indiana a 2008 bayan hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta zarge shi da karya dokar kiran wayar matasan da ake zawarci, aka sa masa takunkumin shekara biyar, ya koma mataimakin koci a gasar ƙwararru ta NBA. A 2014 ya karɓi Houston tana kwance, a kakarsa ta farko suka ci wasa 13 aka ci su 19, amma a 2021 ya kai su cikin huɗun ƙarshe. Ɗansa Kellen mataimakinsa ne, 'yarsa Lauren ma tana aiki da ƙungiyar, abin kamar sana'ar gado. Wani atisayensa da ya shahara ya fi komai burge ni: ana toshe bakin kwando da murfi ta yadda babu jifan da zai shiga, don kowace ƙwallo ta dawo a yi kokawa a kanta. Da na san wannan dabara shekara 20 da suka wuce, da faifai zan ɗaure a bakin kwandon makarantarmu.

A tsakiyar Fabrairu aka yi mini aikin, na yi kwanaki an hana ni kallon talabijin, sai yaron ya zauna kusa da ni yana ba ni labarin wasa kamar mai sharhi a rediyo. Ta bakinsa na san sauran. L.J. Cryer, mai jifa daga nesa, ya riga ya ɗauki kofin ƙasa da Baylor a 2021 kafin ya sauya sheƙa. J'Wan Roberts, wanda ya taso daga tsibiran Virgin, shekara shida ya yi a ƙungiyar, abin da ya zama baƙon abu yanzu, tun da aka sassauta dokar sauya makaranta kuma aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu daga 2021. Milos Uzan kuwa sabon zuwa ne daga Oklahoma, aka ɗora masa rabon ƙwallo. Shi ya sa farkon kakar ya yi musu tsami: a watan Nuwamba Auburn ta doke su, Alabama da San Diego State ma suka doke su a Las Vegas, dukansu biyun a ƙarin lokaci. Daga nan suka miƙe. Sun gama rukuninsu da nasara 19, suka kuma ɗauki kofin rukunin a Kansas City bayan sun doke Arizona da 72 da 64.

Babbar gasar ta watan Maris, wadda ƙungiyoyi 68 suka shiga a tsarin sili-ɗaya-ƙwale, ta faɗo cikin azumi. Wata Juma'a na yi salla a Islamic Da'wah Center da ke tsakiyar birnin, tsohon ginin banki mai manyan ginshiƙai da Olajuwon ya saya ya mayar masallaci, na tuna cewa mutumin nan da azumi a bakinsa ya riƙa buga wa Rockets, ƙungiyar birnin a gasar NBA, wasa. Wasanni biyu na farko an yi su a Wichita, inda suka lallasa SIU Edwardsville, suka sha da ƙyar a hannun Gonzaga da 81 da 76. Na uku, da Purdue a Indianapolis ranar 28 ga Maris, mun dawo daga asham muka tarar da shi. Ana 60 da 60, saura ƙasa da daƙiƙa uku, Uzan ya tsaya a bayan layi ƙarƙashin kwando zai jefo ƙwallo. Mai gadinsa ya bar shi ya bi Cryer, domin kowa ya san shi ake nema. Uzan ya miƙa wa Tugler, ya tako cikin fili babu kowa a kansa, Tugler ya mayar masa nan take, ya ajiye ta a kwando saura daƙiƙa 0.9. Ƙanwata, wadda ba ta san dokar wasan ba, ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya. Ranar Lahadi 30 ga wata muka sauko daga idi, muka zauna da manyan riguna muka ga sun hana Tennessee wuce maki 15 kafin hutun rabin lokaci, suka ci da 69 da 50.

Huɗun ƙarshe a San Antonio za a yi, tafiyar kimanin kilomita 320 yamma da Houston a kan babbar hanyar I-10. Mijin ƙanwata ya ce tunda idona ya buɗe, ya kamata a gwada shi da abin kirki, ya saya mana tikiti ni da yaron. Mun tashi da safiyar Asabar 5 ga Afrilu, ƙanwata ta cika mana roba da dambun nama. Bayan mun wuce Katy gine-gine suka ƙare, sai filayen kiwo da shanu da shuɗɗan furannin bazara a gefen titi, motoci kuma ɗaya bayan ɗaya da jajayen tutoci. Mun tsaya a gidan man Buc-ee's da ke Luling, wanda girmansa ya kai wata kasuwar ƙauye, a ciki kusan kowa da jar riga, baƙo na ɗaga wa baƙo yatsu. A can ƙarshen wurin ajiye motoci muka shimfiɗa darduma muka yi sallar ƙasaru.

Alamodome filin ƙwallon Amurka ne mai rufi, aka kafa katakon ƙwallon kwando a tsakiyarsa, fiye da mutum 60,000 suka kewaye shi. Kujerunmu suna can ƙololuwa, inda 'yan wasa masu tsawon ƙafa bakwai suka koma kamar tururuwa, don haka sabon idona ya fi aiki a kan manyan allunan da ke rataye. A wannan shekara duka ƙungiyoyi huɗu da aka sa a sahun farko ne suka iso, abin da sau ɗaya kawai ya taɓa faruwa, a 2008. A wasan farko Florida ta fitar da Auburn da 79 da 73, na lura da wani dogon ɗan Najeriya a cikinsu, Rueben Chinyelu, wanda ya fito daga makarantar horarwa ta NBA da ke Senegal, makarantar da ta yaye Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu da ke buga wa Duke.

Duke ɗin ce abokiyar karawarmu, kuma a nan na fara cewa "mu" ba tare da na lura ba. Suna da Cooper Flagg, ɗan shekara 18 da aka zaɓa gwarzon shekara, kuma ya nuna dalili, domin maki 27 ya ci. Saura minti takwas da 'yan kai suna gaba da 59 da 45, wasu masu jajayen riguna a kusa da mu suka fara tattara kayansu. Cryer ne ya hana jirgin nutsewa da jifansa, sauran kuma suka koma sana'arsu, har ya zama a cikin minti goma na ƙarshe sau ɗaya tak Duke ta jefa ƙwallo a kwando in ban da jifan kyauta. Duk da haka saura kusan rabin minti suna gaba da shida. Sharp ya jefa mai uku. Suka tare ƙwallon da Duke ta jefo daga layi, jifa ta ƙi shiga, Tugler ya biyo ta ya danna ta daga sama, saura maki ɗaya. Ɗan Duke ya ɓarar da jifan kyauta, aka busa wa Flagg laifin hawa bayan Roberts. Roberts ba gwanin jifan kyauta ba ne, kowa a filin ya san haka, yaron nan ya rufe fuskarsa da hula yana ta salati. Duka biyun suka shiga, saura daƙiƙa 19.6. Flagg ya gwada ta ƙarshe ta tsaya a bakin kwando, Cryer ya ƙara biyu, aka tashi 70 da 67. Wani bature mai furfura da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana kuka, hular da ke kaina ta faɗi layi biyu ƙasa, aka miƙo mini ita hannu da hannu.

Lahadi mun zagaya Alamo, tsohon ginin mishan da aka gwabza yaƙi a cikinsa a 1836, muka bi gefen kogin da ya ratsa tsakiyar gari, amma hankalina ba ya wurin.

Daren Litinin 7 ga Afrilu aka yi wasan ƙarshe da Florida, na farko da Houston ta kai tun 1984, kuma Olajuwon na cikin 'yan kallo. An tafi hutu Houston na gaba da 31 da 28, gwanin Florida Walter Clayton bai ci ko maki ɗaya ba, alhali kwana biyu kafin nan ya zuba wa Auburn 34. Da aka dawo tazarar ta kai 42 da 30. Ban ce komai ba, amma a zuciyata na fara lissafin yadda zan ba da labari a gida. Daga nan sai abin ya juya, Florida ta yi musu irin abin da su suke yi wa mutane: ta toshe ko'ina, laifuffuka suka taru a kan Houston, jifa ta daina shiga, Clayton ya farka. Saura daƙiƙa 46 Alijah Martin ya jefa na kyauta biyu, Florida ta wuce da 64 da 63, Sharp ya kutsa ƙwallon ta kuɓuce masa ta fita, suka ƙara maki ɗaya.

Saura ƙasa da daƙiƙa 20, Sampson ya tsara musu dabara ta ƙarshe. Ƙwallon ta zagayo ta iso hannun Sharp a sama da layin maki uku, ya yi tsalle zai jefa, sai ga Clayton ya taso masa da hannu a miƙe. Da ya jefa, da an tare. Da ya sauko da ita a hannu, da an busa masa laifin taku. Sai ya sake ta. Ƙwallon ta faɗi tana tsalle a gabansa, shi kuma doka ta hana shi ya zama farkon wanda zai taɓa ta, don haka ya tsaya a kanta ya buɗe hannuwa yana kare ta da jikinsa, yana jiran wani nasa ya iso. Wata uku na yi ina kallon yaran nan suna faɗawa da ƙirji a kan duk ƙwallon da ta taɓa ƙasa, ga ta nan a gaban ɗayansu, taku ɗaya, ba shi da ikon sunkuyawa. Alex Condon na Florida ne ya faɗa a kanta, ƙararrawa ta kaɗa. Sharp ya durƙusa ya riƙe kansa, Clayton ya bar murna ya je ya dafa shi. Florida, wadda jimillar lokacin da ta yi a gaba a duk wasan bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, ta ɗauki kofinta na uku bayan na 2006 da 2007. Houston ta rufe kakar da nasara 35 da rashin nasara biyar.

A daren muka kamo hanya, domin yaron yana da darasi da safe. Mun wuce Seguin babu wanda ya ce uffan, sannan ya ce, "Kawu, da ɗalibinku ne, me za ku ce masa?" Na ce masa da zarar yaron ya bar ƙasa Clayton na kansa, abin da ya yi shi ne daidai, domin da ya taɓa ta an busa, ƙwallo ta koma hannun Florida, barin ta kuwa ya bai wa ɗan'uwansa damar ya riga su, kuskuren, in akwai shi, ya faru ne kafin tsallen. Ya yi shiru, ya rage gudu saboda wata babbar mota. Can wayata ta yi haske, wani tsohon abokin aikina ne daga Sakkwato, wanda na dame shi da labarin ƙungiyar nan tun Janairu, ya fito daga sallar asuba ke nan. Ya rubuto, "Malam, yaran Hakeem sun ɗauko kofin?" Na cire tabarau na goge, na rubuta masa 65 da 63, sai da na aika sannan na ga ban faɗa masa wa ke da wanne ba.